Rufin Islamiyyar Matan Aure

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa, matan aure na wani ƙauye kusa da Taura suka yi ca a kan karatu. Mai unguwa ya ba su tsohon soronsa na ƙasa mai rufin azara. Cikin masu zuwa har da Mu'minatu, matar Yahuza magini, wadda ta ɗaura aniyar sauke Alƙur'ani ko da furfura ce a kanta.

Tun kaka da kakanni, kafin damina akan hau rufin soro a sake yaɓe, a duba azara, a share indararo. To amma wanda ya hau wannan rufin yana hango tsakar gidajen maƙwabta, kuma a lokacin ba mai son a ce ya leƙi matan mutane. Sai dattawa suka ce a zuba siminti a huta da hawa gaba ɗaya.

Yahuza ya taɓa yin lebura a gine-ginen gwamnati a Dutse, tun daga nan kuwa bakinsa bai daina ambaton kankare ba. Shi aka ba aikin, ya zuba kankaren da kauri a kan tsohuwar ƙasar, ba rodi ko ɗaya, don a ganinsa kauri shi ne ƙarfi. Bai tambayi kansa ko azarar da ta girmi ubansa za ta ɗauka ba.

Zafin bazara ya tsaga simintin, tsaga siririya kamar zare. Ruwa ya riƙa shiga, ba hanyar fita, rana kuma ba ta isa ƙasar balle ta bushe. Bakin azara ya yi ta ruɓewa cikin bango, ba wanda ya hau ya gani.

"Malam, ƙasa fa na zubo mana a kan allo," in ji Mu'minatu wata rana, tana gaya wa mijinta.

"Ƙadangaru ne. Rufin nan sai ya ga jikokinki."

Ta yarda, don ba ta taɓa jin ya yi mata ƙarya ba.

Wata Laraba cikin Agusta, bayan la'asar, ana yayyafi, Yahuza na alwala ya ji ƙara kamar an kayar da bishiyar kuka. Ya isa soron ba takalmi. Matan da ke bakin ƙofa sun fito jina-jina suna salati, na cikin kuwa rufi ya danne su.

Da rufin ƙasa ne zalla, da hannu da fartanya sun isa a tono mutum. Amma simintin ya faɗo falle-falle, kowane sai ƙarti sun taru kafin ya motsa. Aka aika babur Taura neman babbar guduma. Yahuza ya kwanta rubda ciki, ya kafa kunne a wata kafa, tsoro ya cika shi.

"Mu'minatu!"

"Malam," muryar ta fito can ƙasa. "Nauyi. Ka ɗaga mini."

"Ga ni nan, yanzu-yanzu."

Ya sa kafaɗa ya tura har fatar ta saluɓe. Ya yi ta kiran sunanta tana amsawa, tana amsawa, har ya kira bai ji komai ba.

Da gudumar ta iso, mutane suka miƙa masa, don shi ya san inda simintin ya fi kauri.