Jar Riga da Shuɗiya

"Yaya, kin kashe ni!" in ji daraktan, yana nuna allon kwamfuta. "Na ce ja ga ƙabilarmu, shuɗi ga waɗancan. Me Kawu yake yi cikin shuɗi?"

Yayarsa, wadda ta ɗinka rigunan, ko kai ba ta ɗago daga keken ɗinki ba. "Jar ba ta shigi tumbinsa ba. Ni jiki nake aunawa, ƙanena."

Da karo-karon mutanen gari aka yi fim ɗin, a kan gabar da ke tsakanin ƙabilun biyu, kuma duk wanda ya taimaka an sa shi a fagen faɗa. Hukumar tace fina-finai ta hana ambaton ƙabila, shi ya sa daraktan ya yi dabarar launi don masu kallo su gane. Ga shi Yaya ta cakuɗa su. Kawu, wanda ko gaisuwar waɗancan ba ya amsawa, yana tsakiyarsu yana kaɗa sanda.

Washegari jami'in hukumar ya shigo shagon ɗinkin Yaya da jan biro. An tsegunta masa fim ɗin na zagin wata ƙabila, in ya tabbatar kuwa, ba mai kallonsa. Ya kalli faɗan, ya mayar da shi baya. Ga surukinsa cikin ja, ga ƙanin surukin cikin shuɗi. Daraktan ya saci kallon Yaya, tana danne dariya.

Jami'in ya ajiye biro. "To wai su wa ake zagi a nan?"