Faci a Rami na Bakwai

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki a filin golf ɗin da ke bayan gidan ruwa, amma bai taɓa buga ƙwallo ko sau ɗaya ba sai bayan ya yi ritaya. Aikinsa ciyawa: ya shuka, ya ba ta ruwa, ya aske, ya cike inda 'yan wasa suka farke. Har sunan ya bi shi, kowa Baba Ciyawa yake ce masa. Ranar da ya ajiye aiki, masu filin suka ba shi jakar sanduna, tsofaffi amma da sauran ƙarfinsu, suka ce ƙofa a buɗe take gare shi iya rayuwarsa. Ya yi godiya, ya kai jakar gida ya jingine bayan ƙofa, ta yi shekara biyu a nan.

Ni ne ƙanensa, kuma ko da yake na haura sittin, har yau Auta yake kirana. Direban motar asibiti ne ni kafin in huta. Na daɗe ina buga golf a filin nan tare da abokina Mai Kemis, domin filin ba na manyan mutane ba ne. Rami tara ne kawai, da rumfar kwano inda ake sa takalmi, da famfo guda wanda sai an doke shi a ka yake kawo ruwa. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, tsofaffin 'yan sanda, duk mu ne. Da bazara mukan fita tun rana ba ta buɗe ido ba, mu gama kafin ta fara duka.

Matar Yaya ta rasu bara, gwiwoyinsa kuma suka soma yi masa gardama. Farkon bazarar nan 'yarsa ta zo ta same ni a shagon Mai Kemis.

"Baffa, ba zan iya barinsa shi kaɗai ba," in ji ta. "Da zafin nan ya wuce zan zo in tafi da shi. Na gyara masa ɗaki a ƙasa, ba hawa bene."

Na san gidanta. Tafiyar yini guda ce, gida mai kyau, amma tun daga ƙofa har bakin titi siminti ne, ko tsiro ɗaya babu. Na ce mata ta yi daidai, don daidai ɗin ta yi. Amma ranar ban iya cin abincin rana ba.

Kwana uku bayan haka sai ga Yaya a ƙofar gidana, jaka a kafaɗa.

"Auta, gobe ƙarfe nawa kuke fita?"

To, in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin mutum ya shiga fili irin yadda yake shiga ba. Mu muna tafiya muna surutu, shi yana tafiya yana duba ƙasa kamar mai zaga marasa lafiya. Ya tsaya ya murza ganyen ciyawa a yatsu ya ce nan ruwa ya yi yawa, can kuma an aske ta da dakusasshiyar wuƙa. Lallausar ciyawar da ke kewaye da kowane rami, wadda muke kira darduma, nan ne gidansa. In ƙwallo ta hau darduma, to ku tattara naku. Ba ya tsugunawa ya auna kamar mu. Kallo ɗaya zai yi ya taɓa ta, ta tafi kamar za ta wuce, sai ta karkato da kanta ta faɗa rami. Mai Kemis, da ya shekara goma yana ji da kansa, ya cire hula ya ce, "Baba, gaba da gabanta."

Matsalar tana tsakiyar fili ne, kafin a kai darduma. Ga wanda bai sani ba: in ƙwallo tana kwance a kan ciyawa kana so ta tashi sama, dole ka sare ta daga sama, bakin sandar ya ci ƙwallo sannan ya yanko ciyawa kamar faɗin tafin hannu. Haka wasan yake, ba laifi ba ne. Ka'ida ita ce ka ɗauko abin da ka yanko ka mayar, ka danna da ƙafa. Ni kam ba kullum nake mayarwa ba, shi ya sa tun yana aiki Yaya ya sa mini suna Tarakta.

Shi kuwa ba ya iya yankawa. Zai tsaya daidai, ya ɗaga sanda daidai, ya sauko da ita daidai, amma da ta kusa ƙasa sai hannayensa su janye da kansu. Sandar ta shafi kan ƙwallo, ƙwallo ta bi ƙasa a guje kamar ɓera. Ko tsinke ɗaya ba ya tashi.

A ramuka takwas wannan ba komai ba ne, ɓera ma yana isa inda za shi. Amma rami na bakwai akwai tafki a gaban dardumarsa. Bugun farko yakan kai ka bakin ruwa, na biyu kuma dole ya tashi sama ya tsallaka. Kuma dardumar ta bakwai ita ce wadda Yaya ya shuka da hannunsa, shekarar da aka haifi 'yarsa, da baro ya riƙa jido yashi. Safiyar farko da ƙwallonsa ta ce "tsulum" a ruwa, ya daɗe yana kallon tsallaken.

"Ba na son komai a wasan nan," in ji shi. "Sau ɗaya kawai in ɗora ta a can kafin yarinyar nan ta zo."

Mako shida muna wannan fama. Mai Kemis ya koya masa da baki, ya koya masa da hannu, har ya zana masa a bayan takardar magani. A banza. Kullum tsulum. Mai Kemis ya ce kifayen tafkin nan sun kusa buɗe shagon ƙwallo. Yaya ya yi dariya tare da mu, amma ni na ga yadda yake dafa gwiwa in ya ɗauka ba wanda ke kallo.

Wata safiya haƙurina ya ƙare. Na zaro ɗan turken da ake ɗora ƙwallo a kai a bugun farko, na miƙa masa.

"Yaya, ɗora ta a kan wannan ka buga. Ba sai ka taɓa ciyawar ba."

"A tsakiyar fili? Ƙwallo inda ta faɗi nan ake bugunta."

"Wa zai gani? Daga ni sai Mai Kemis, shi kuma zai juya baya."

"Ni fa? Ni ba kowa ba ne?"

"To sare ta mana! Ciyawa ce, ba wuyan jariri ba! Gobe ta tsiro!"

"Kwana ashirin da ɗaya," ya ce, ko murya bai ɗaga ba. "Shi ma sai in an mayar da ita nan take, ta kuma kama. In a zafin nan ne, sau da yawa ba ta kamawa, sai ta bushe ta bar tabo har damina. Ramukanka na sha cikewa, Tarakta, na san lissafinsu."

Na ce sabo turken wawa, na yi gaba abina. Ban kai rami na takwas ba kunya ta kama ni. Mutumin da ya goya ni, ya kai ni makaranta a kan kekensa, shi na gaya wa haka a gaban baƙo. Shi kuwa da ya iso ko a fuska, sai ma ya miƙo mini gorar ruwansa.

Saura mako biyu 'yarsa ta zo, na je taya shi haɗa kaya. Ɗakin duk kwalaye, an sauke labule, hoton matarsa ne kaɗai ya rage a bango. A bakin taga na ga wani tsohon faranti mai faɗi cike da ƙasa, ciyawa ta fito a ciki kore shar, an aske ta daidai wa daida. Ga ƙaramin almakashi a gefe.

"Wannan kuma fa? Da ita za ka tafi?"

"Bar ta nan," ya ce. "Ɗauko mini igiya."

Na ɗauka tsufa ne da kewa, ban ƙara tambaya ba. Raina dai ya ɓaci, don na hango shi a gidan siminti yana aske faranti da almakashi.

'Yarsa ta iso ranar Juma'a da yamma, za su kama hanya Asabar da hantsi. Ta ce ba ta yarda ya je fili ba, ya ce mata shi ya haife ta ba ita ta haife shi ba. Sai ta ce to ita ma za ta bi mu. Ta zo da takalmin ofis, tana tafe tana nutsewa a ciyawa.

Safiyar ba iska ko kaɗan, tun kafin ƙarfe bakwai rigata ta manne. Yaya ya yi ramuka shida a hankali, yana jan ƙafa. Na lura jakarsa tana ɗigar ruwa daga ƙasa, na ce ko gorarsa ta fashe, ya ce in kula da nawa wasan.

A na bakwai bugunsa na farko ya gangara ya tsaya taku goma daga bakin tafki. Ya zo ya tsaya a kan ƙwallon. Maimakon ya zaro sanda, sai ya buɗe aljihun jakar ya fito da wani abu naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Ya warware. Ciyawar farantin nan ce, an yanko ta da ƙasarta da saiwarta, faɗin tafin hannu da ɗan ƙari. Ya ajiye ta gefe a inuwar jaka, ya ajiye 'yar wuƙarsa kusa da ita.

"Irin ta wurin nan ce," ya ce. "Tana da saiwa, ba za ta bushe ba. Tela ba ya farka riga sai ya tanadi faci."

Mai Kemis ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa.

Yaya ya zaro sanda, ya gyara tsayuwa. Ya ɗaga, ya sauko. Wannan karon hannayen ba su janye ba. Na ji ƙarar da duk mai golf ya sani, ƙwallo tukuna sannan ƙasa. Yankin ciyawa ya yi tsalle gaba, ƙwallo kuma ta tashi, ta yi sama, fara fat a cikin hasken safiya. Ta tsallake ruwan da sauran fili, ta dira a tsakiyar darduma, ta ɗan yi tsalle ɗaya ta zauna.

Na yi ihu. Mai Kemis ya wurga hula sama. 'Yar tana tafi tana cewa, "Baba! Baba ka gani?"

Na juya in rungume shi, sai na tarar ba ya tsaye. Yana durƙushe a kan gwiwoyin nan da ba sa lanƙwasuwa, ya ba tafkin baya, yana daidaita bakin ramin da sandarsa ta yanko da wuƙa. Ya ɗora facin, ya danna da tafin hannu, ya tsiyaya masa ruwan gora. Sai da ya gama ya ɗago.

"Ta faɗa ruwa?" ya ce.

Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba, kuma rabinsa na haushi ne. "Yaya, bazara guda kana neman abin nan! Ya zo, kai kuma kana kallon ƙasa!"

"Ta hau ke nan," ya ce, ya miƙo mini hannu. "Ɗaga ni."

Muka zagaya ta gada, shi a tsakiya, ni da 'yarsa muna riƙe da shi. Da muka hau darduma bai nufi ƙwallon ba. Ya tsaya taku uku kafin ita, inda ta fara dira. Ta bar ɗan lotso a ciyawar, kamar an danna da babban yatsa. Irin wannan lotson ya gyara dubbai, duk na wasu. Ya sake durƙusawa, ya sa yatsa a ciki.

"Daga sama ta zo," ya ce a hankali. "Wadda ta bi ƙasa ba ta yin wannan. To, na gani."

"Bar shi, Yaya," na ce. "Don Allah bar wannan ɗaya. Kullum na zo in riƙa ganinsa."

Ya kalle ni irin kallon da yake yi mini tun ina yaro in na faɗi shirme. Ya zaro wuƙar, ya tattaro gefen lotson daga nan, ya tattaro daga can, ya shafe da tafin hannu. Na duba, na sake dubawa, ban gane inda yake ba.

Sannan ya ninke wuƙar, ya kamo hannuna ya sa mini ita a ciki.

"Facin can yana son ruwa safe da yamma, kwana bakwai," ya ce. "Kada ka taka shi, Tarakta."