Ruwan da Inna ta Tafasa

Cikin Bushira na uku ya shiga wata bakwai. Na farko ya zo bakwaini, bai kwana ba. Na biyu ma haka.

A wurin awo, Malama Safiya ta sa ta kawo ruwan gidansu a kwalba. Ta tsoma wata 'yar takarda, takardar ta rine ja.

"Ina rijiyarku take?"

"Bayan gida, bakin lambun albasa."

"Takin zamani ne ke tsiyaya ciki. Ban ce shi ya ɗauke miki waɗancan ba, Allah ya sani. Amma kada ki ƙara sha."

"Ai muna tafasawa, Malama."

"Wuta ba ta kashe taki, ƙanwata. Ruwan ke ƙonewa, takin ya zauna. Yawan tafasawa ƙara masa kauri yake."

Tun rasuwar na biyu, surukar Bushira, Inna Gudiya, ta hana ta taɓa ɗanyen ruwa. Kullum da hantsi tsohuwar kan ɗora tukunya da itacen da ta tsinto da kanta, ta bar ta tana tafasa har ruwan ya koma rabi, don ta tabbata komai ya mutu.

Da Bushira ta gaya wa mijinta Waliyyu, sai ya dafe kai.

"Kada Inna ta ji. In ta san da hannunta ta riƙa ba ki, ba ta tashi."

Ya koma ɗauko mata jarka ɗaya a babur kullum daga famfon garin Kimba, yana ajiyewa bayan gado. Ruwan Inna kuwa, Bushira takan karɓa da godiya, in Inna ta fita ta juye a tsakar ɗaki.

Ranar da aka kwashe albasa, Waliyyu ya bi mota zuwa Aliero da asuba. Motar ta lalace a hanya, ya aiko cewa sai gobe. Kafin azahar jarkar ta ƙare. Duk rijiyoyin unguwar a bakin lambu suke, Kimba kuma ba tafiyar mai ƙafafu a kumbure ba ce.

La'asar ta yi, harshenta ya manne. Ɗan cikin da ya wuni yana shuri ya lafa.

Inna ta ɗaga labule da kwanon sha, ta zauna a bakin gado.

"Ɗiyata, leɓunanki sun tsage. Amshi. Yau sau biyu na tafasa shi."

"Sai an jima, Inna."

"An jima mi? Ke da kike ɗauke da mutum! Ba ni tashi sai na ga ƙasan kwanon ga."

Bushira ta karɓa da hannu biyu. Ruwan garau, ya huce, yana ƙanshin hayaƙi. Ta dubi idanun Inna da hayaƙin itace ya sa suka yi ja.

Ta yi bisimilla, ta sha.

"Madalla," in ji Inna. "Bari in ƙaro."