Garwashin Gidan Rekiya

Ni Rekiya ban roƙi kowa risho ba. Ɗana Ya'u ne ya samu aikin reluwe, ya shigo mini unguwarmu Fadikpe da shi niƙi-niƙi, har da gwangwanin kananzir, wai hayaƙin itace na cinye mini ido. To, Allah ya yi masa albarka. Ranar ya kwashe duwatsun murhuna.

Abin da bai sani ba, murhun nan ke kawo mini mutane. Tun rasuwar ubansa, kowace safiya matan unguwa kan zo ɗiban garwashi, a gaisa, a taɓa hira. In ba haka ba, wa zai leƙo tsohuwa?

Kashegari maƙwabciyata Magdalene, Maman Yona, ta zo yadda ta saba. Da ta ga babu garwashi, sai baiwar Allah ta zaro ciyawa daga danga, ta cusa ƙarƙashin tukunyar da ke kan rishon. Wuta ta kama fuu, ta lashe mata yatsa, ta yar da ciyawar daidai inda na ɗigar da kananzir wajen ɗurawa. Ƙasa ta kama! Magdalene ta rarumi tulu.

"Kul!" na ce. "Ruwa yaɗa ta yake yi!"

Na kashe rishon, na watsa yashi, yadda Ya'u ya koya mini. Wutar ta mutu, sai wari.

Da ya ji labari ya ce, "Inna, daga yau ba mai ɗiban wuta a risho." Ya bi gida-gida ya raba wa matan unguwa ashana. Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Amma kwana tara ko sallama ban ji ba. Wallahi kaɗaici ya dame ni, har tuwo ya daina shiga.

Rana ta goma na mirgino duwatsuna can ƙarshen tsakar gida, nesa da danga, nesa da kananzir. Na hura wuta, ban ɗora komai ba.

Hayaƙi bai gama tashi ba sai ga Magdalene da kasko, yatsa a naɗe.

"Iya Rekiya, a san mini wuta."

Ta sunkuya ke nan, kwalin ashana ya faɗo daga zaninta, cike taf. Na gani, ta san na gani. Ta ɗora ƙafa a kai.

Na ce, "Jawo kujera, Maman Yona. Garwashin bai yi ba tukuna."