Masu Riƙon Igiya

Malam Zainulabidin bai tsaya jingine keken ba. Ya sake shi ya faɗi a kan kunya, ya kutsa cikin taron da ke bakin rijiya. Daga makarantar elementare ta Ikara ya taho, da farin alli a hannun rigarsa, tun da aka je aka ce masa ƙasa ta haɗiye yayansa Ya'u. Abin da idonsa ya fara faɗawa a kai shi ne azara. An jero su a gefe, an kawo zana, samari har sun fara kwaɓa ƙasa.

"Wannan kuma na mene ne?" ya tambaya.

Kowa ya kau da kai. Indo matar Ya'u ce ta amsa daga inda take zaune a ƙasa, muryarta ta dishe don kuka. "Rufewa za su yi, Malam. Da yayanka a ciki za su rufe."

Ya'u haƙar rijiya ce sana'arsa. Rabin ruwan da ake sha daga Saulawa zuwa Janfalan shi ya tono shi. Da hantsin nan yana can ƙasa yana dukan dagi, masu jan kwando suka ji rugugi, gindin rijiyar ya burma, shi da dagin suka wuce. Aka yi ta kira, shiru. Abin da ya ƙara tsinka wa mutane zuciya shi ne wata iska mai sanyi da ke fitowa daga ramin, a tsakiyar bazara.

Liman Ashafa na zaune a kan buzu a gindin ɗorawa, yana jan carbi. Tsakaninsa da Zainulabidin akwai tsohuwar ƙullalliya. Malamin ya taɓa gaya wa yara a aji cewa cikin duniya a cike yake, dutse ne a kan dutse, can tsakiya kuma wuta, babu wani fili da wasu halittu ke zaune. Yara suka kai maganar gida da zafinta. Liman ya hau jaki takanas ya je makarantar, ya ce a nuna masa duniyar. Aka ɗauko masa ƙwallon kwanon nan da hukumar En'e ta raba wa makarantu, mai zanen ƙasashe a jiki. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ƙwallon ya yi ƙara kamar garwar da ba kome. Ya ce, "To ka ji. Ko Baturen da ya ƙera ta bai cika cikinta ba." Aka kwashe da dariya har da yaran, kuma malamin bai yafe wannan dariyar ba.

Yanzu Zainulabidin ya zo gaban liman ya rusuna a gurguje, gaisuwar ma rabi ya yi.

"Allah gafarta Malam, mutum ne a ciki. Ko awaki ne suka faɗa ai a leƙa."

Liman bai ɗaga murya ba. "Zainu, ƙassai bakwai ne, kowace da mazaunanta. Yayanka ya huda rufin gidan wasu. Iskar nan da kake ji tasu ce. In muka bar ƙofa a buɗe, ba mu san me zai biyo ta ba, kuma akwai mata da yara a garin nan."

"Babu wani gida! Babu kowa a ƙasa!"

"To, a bi taka. Ka ce dutse ne a kan dutse. Ke nan dutse ya danne shi, sai mu yi masa salla daga nan, rijiyar ta zama kabarinsa. Ko ta ina ka bi, rufewa ce."

Gaskiya Zainulabidin bai yi tunanin nan ba. In har abin da yake koyarwa haka yake ba sauƙi ba ragi, to yayansa ya mutu. Ya'u da ya riƙa goya shi a keke zuwa makarantar Zariya, ya riƙa shiga rami don a saya masa tawada. Haushi ya turnuƙe shi, na liman, na mutanen da suka zuba masa ido, har da na littafin da bai ce kome ba game da rana irin ta yau.

Ya fizgi fitilar ƙwai daga hannun wani, ya kunna, ya ɗaura mata igiyar guga ya zura. Mutane suka matso suna leƙe. Fitilar ta yi ta sauka har ta wuce inda gindin ya burma. Ba ta mutu ba. Harshen wutar sai ya kwanta gefe guda yana rawa.

"Akwai iska! Akwai kogo a ƙasa, mutum zai iya numfashi!" ya faɗa da ƙarfi.

Wani tsoho daga baya ya ce, "A'a, yau kuma malamin boko ne ke cewa akwai kogo?"

Bai kula shi ba. Ya tuɓe riga, ya ɗaura babbar igiya a ƙugu, ya jefa wa samari ɗaya bakin. Igiyar ta faɗi a gabansu kamar mataccen maciji, babu wanda ya sunkuya. Duka suka juya suna kallon gindin ɗorawa. Mai shiga rijiya ba ya shiga da ƙarfinsa, da hannun mutane yake shiga, kuma ranar nan hannuwan ba nasa ba ne.

"Ku kama mana! Ku ba ruwan rijiyarsa kuke sha ba? Marasa kunya!"

Liman ya miƙe ya tako a hankali. "Zagi ba zai sa su kama ba. Tsoro suke ji, kuma da gaskiyarsu. Wanda ya faɗa gidan mutane ba sallama, in aka ja shi har masu riƙonsa za a ja. In shiga za ka yi, durƙusa ka yi wa masu gida sallama, ka nemi izini kamar ɗan mutunci. Da ƙarfi, kowa ya ji."

Zainulabidin ya dube shi. Ya san gobe kasuwar Makarfi ce, kafin azahar labarin ya kai Kudan. Ya san ranar da ya koma aji, ko yaron da bai iya rubuta sunansa ba zai yi masa murmushi. Indo ta rarrafo ta kama ƙafarsa.

"Malam, don Allah. Ko jaki suka ce ka gaisar, gaishe shi."

Ya durƙusa a bakin ramin. Iskar ta bugi fuskarsa. Ya ce, "Salamu alaikum, mutanen ƙasa. Mun zo neman ɗan'uwanmu. A yi mana izini."

Kowa ya kasa kunne. Can daga ƙasa, siririya kamar daga cikin tulu, wata murya ta taso.

"Wa alaikumus salam."

Taro ya watse, mata na salati, wani ya faɗa cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasar. Zainulabidin ya yi tsalle yana ihu, "Muryar Yaya ce! Wallahi Yaya ne, ya farfaɗo!" Babu mai sauraronsa. Liman Ashafa ya naɗe hannun riga, ya sunkuya ya ɗauki igiyar da kansa.

"An amsa, an ba da izini. Ku zo ku kama."

Suka dawo ɗaya bayan ɗaya suka jeru a bayansa.

Da aka zura Zainulabidin, abin da ya tarar a ƙasa ba gidan kowa ba ne. Wani dogon rami ne da mutum zai bi a duƙe, bangonsa duk sawun diga, ga ɓaraguzan tama a zube, ga fasasshen kasko da baƙin hayaƙi. Maƙeran da can ne suka bi jijiyar tama suka rarake ƙasan wurin, aka manta da su. Ya'u na jingine, ƙafarsa ta dama ta juya inda ba a juya ƙafa. Ya ɗaura masa igiyar a ƙirji, aka ja Ya'u sama, sannan aka sake zuro igiyar aka ja shi shi ma.

Yana fitowa ya iske an kewaye Ya'u ana ba shi ruwa, ana ta tambaya. Wa ya gani? Wa ya amsa sallamar? Zainulabidin ya buɗe baki zai yi bayanin tama, sai ya ji yayansa na cewa, "Ni dai a sume nake. Ban san wanda ya amsa ba."

Kabbara ta tashi. Tsohon nan ya dafa kafaɗar malamin ya ce masa ai komawa ga gaskiya ba abin kunya ba ne.

Aka ɗora Ya'u a kan keke za a kai shi wurin mai ɗori. Zainulabidin na turawa, haƙoransa a cije, mutane na biye a baya da ɗan nisa. Sai da suka wuce gonakin rake ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, kai ka amsa. Na san muryarka tun ina goye."

"Ni na amsa."

"Kuma ka ga tamar, ka ga sawun diga."

"Na gani. Kafin ka sauko ma na shafa su."

"To don me za ka tozarta ni a gabansu? Ka san abin da na haɗiye saboda kai?"

Ya'u ya runtse ido, keken ya faɗa wani gargada, ya yi nishi. "Na sani, Zainu. Amma in ƙafar nan ta warke, akwai rijiya tana jira na a Kudan. Kai kana Ikara da allinka. Wa zai riƙe mini igiya?"

Zainulabidin ya waiwaya. Liman Ashafa na tafe a gaban jama'a, ya buɗe tafukansa yana hura musu iska, igiya ta saɓule musu fata har jini na bin yatsunsa. Malamin ya juyo, ya gyara wa yayansa zama, ya ci gaba da tura keken.