Harbin da Yake Makara

Daren jiya na kifa wayata a kan tabarma cikin haushi, barci ya kwashe ni, na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Bari in fara da abin da ya ba ni haushin. Sunana Mudassir, gyaran waya nake yi a kasuwar Funtuwa. Tsakanin wannan kwastoma da wancan na ƙera wani ɗan wasan gem ni kaɗai, na sa masa suna Ruwan Fara. Ba shi da wuyar ganewa. Kana cikin ƙwarya mai tashi a saman gonar gero, fara tana zubo maka ta ko'ina. Hannun gem yana da 'yan sanduna biyu, ta hagu ta tafiya, ta dama ta harbi. Na saka shi a intanet, mutane suka buga, suka shiga rubuta ra'ayinsu, suna ba shi maki da taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Kusan bakinsu ɗaya: tafiya lafiya lau, amma harbin yana makara. Ka tura sandar dama, sai ƙwaryar ta yi ɗan jim, sannan ta harba.

Ni ban taɓa jin wannan makarar ba. Muna yara hannun gem ɗaya gare mu, ni da Yaya Nafi'u, kuma babu mai haƙurin jiran wani ya gama. Sai muka raba shi. Mu ɗora shi a kan kujera 'yar tsugunno, ni in riƙe ta hagu, shi ya riƙe ta dama. A haka na girma. A sanina, harbi abu ne da kake so a ranka, ka ɗan jira, sannan ya zo daga hannun wani. Da na tashi ƙera nawa haka na ƙera shi, na zaci kowa haka yake ji.

Yaya Nafi'u ya daɗe a Fatakwal yana tuƙin tanka. Ba faɗa muka yi ba. Gaisuwa ce ta yi ta gajarta, daga kira ta koma saƙo, daga saƙo ta koma barka da Sallah. Cikin duk masu ra'ayin nan nasa kaɗai nake dubawa kullum, kuma babu shi.

A mafarkin, na ga kaina a wani gari da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama. Kowa ya ɗaure bakin wandonsa, ya riƙe lema a kife yana kare haɓarsa. Ban yi mamaki ba, na dai ji haushin ban zo da lema ba.

Mutanen garin da babban yatsan hagu suke tafiya, da na dama suke magana. Mutum zai doshi gabas maganarsa tana fita ta yamma, don haka babu mai kallon wanda yake yi wa magana. Na ga wani yana yi wa matarsa sallama, sallamar ta je ta sami mai sayar da rake. Ni kuwa yatsana na dama ya mutu murus. Na gai da wani mutum, gaisuwar ba ta fito ba sai da ya sha kwana. Wata katanga ce ta amsa mini, ita ma a daƙile.

Sai ga ni a ofis.

Akuya ce a bayan tebur, da tabarau, da farantin taurari a gabanta tana ɗauka ɗaya-ɗaya tana taunawa kamar gyaɗa. A jikin ƙofa an ce nan ne Ofishin Ra'ayin Jama'a.

"Kai ne mai ƙwarya?" in ji ta.

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"An kawo ƙararka. Wai harbinka yana tsayawa gaisawa a hanya."

"Ɗan jim ne kawai."

"Jim ɗin ake ƙara ai." Ta nuna wata bishiyar darbejiya ta taga. "Ka ga inuwar can? Da yamma komawa take yi cikin bishiya. Kafin ta gama shiga, ko ka cire jim ɗin nan, ko ka kawo mini mutum ɗaya da ya buga ya ce a bar shi. In ba haka ba in cinye gem ɗin."

"Ana cin gem?"

"Na ci waɗanda suka fi naka girma. Naka ko ƙoshi ba zan yi ba."

Cire jim ɗin ba aiki ba ne, kafin shayi ya huce na gama. Amma da na tuna haka sai na ji ba zan iya ba. Duk gem ɗin nan, gona da fara da kiɗa, ni na yi su. Wannan ɗan shirun ne kaɗai ba nawa ba, nan ne wurin zaman Yaya. Na ce wa akuyar zan nemo mutum ɗaya. Ta ce in ja mata ƙofa, ruwa yana fita.

Sai ga ni a kasuwar masu bugawa. Kowa da rumfarsa, kowa ya ba wa ɗan'uwansa baya, kowa da Ruwan Fara a gabansa. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka suna yin abu ɗaya ba tare da sun san da juna ba.

Na fara da wani dattijo mai sayar da igiya. Gemunsa ya tsiro ya naɗe hannun gem ɗin, yatsunsa suna aiki a cikin gashi.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Ka daɗe kana bugawa?"

"Tun shukar farko. Iyalina sun daina ajiye mini tuwo."

"Ashe yana maka daɗi."

"Tauraro ɗaya na ba shi. Ban shawarci kowa ya taɓa shi ba."

"To me ya hana ka bari?"

"In na bari, wa zai ƙi shi yadda ya kamata?" Ya tura sandar dama, ya yi tsaki kafin harbin ya fita. "Ka gani ko? Har tsakina ya riga shi."

A rumfa ta gaba ƙadangare ne, ya sa hula, yana ta gyaɗa kai. Taurari biyar ne jere a gabansa, ya goge su suna ƙyalli. Raina ya yi fari.

"Malam, kai ka ba ni biyar?"

"Ƙwarai. Gem ɗin duniya ne."

"Ina ka fi so a ciki?"

"Ai ban buga ba. Na ji an ce ɗan Funtuwa ne ya yi, na ce namu ne." Ya ci gaba da gyaɗa kai.

Wallahi tsakin dattijon ya fi mini wannan daɗi. Shi aƙalla ya shiga gonar.

Na yi ta zagawa. Wani ya ce farar ta yi yawa, na kusa da shi ya ce ta yi kaɗan. Wata ta ce a ƙara mata ƙwarya mai ruwan hoda. Wani ya ce bai buɗe a wayarsa ba, na duba na ga bulo ne a hannunsa. Duk wanda na tambaya maganar jim, sai ya ce a cire, maganar ta fita ta ƙeyarsa ta bugi wani.

Can ƙarshen kasuwa na sami wata tela, Baba Saratu aka ce sunanta. Ƙafarta tana kan keken ɗinki, hannunta yana kan gem, kuma keken ne yake fitar da kiɗan. Ita kaɗai ce ta juyo ta dube ni.

"Kai ka yi wannan, ɗana?"

"Ni ne, Baba."

"Kiɗan da daɗi. Farar ma ka iya zana ta, har ta ba ni yunwa. Amma wa kake jira a cikinsa?"

"Ba kowa."

"Kada ka yi mini haka. In na tura sandar nan sai in ji kamar na yi sallama a gidan da mai shi yake neman takalminsa. Akwai wanda ya kamata ya fito."

"To za ki gaya wa akuya a bar shi?"

"A'a," ta ce, ba tare da wani zafi ba. "Ai ba ni ake jira ba."

Na waiga. Inuwar darbejiya ta shige har gwiwa.

Sai ga ni a cikin gonar kanta, zaune a ƙwarya. Gero ya yi tsayi, ruwa yana hawa ta tsakanin karare. Rabin hannun gem ne a cinyata, ɓangaren hagu, an raba shi kamar yadda ake raba goro. Fara ta taso. Na san kowace ɗaya, ni na zana su a bayan shago, amma babu wadda ta nuna ta san ni.

Na yi abin da na iya. Na kauce hagu, na zille dama, na zagaya kunya, na bi ta ƙarƙashin wata ƙatuwa. Gudu kam ko a mafarki babu wanda zai koya mini. Amma babu mai harbi. Ina ta tafiya a gonar da na shuka da hannuna, babu kowa a gefena, ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba. Farar ta rufe gabas, ta rufe yamma, ta fara cin bakin ƙwaryar. Ban san lokacin da na ja numfashi na ce, "Yaya," ba.

Aka yi ɗan jim. Sai harbi ya zo ta bayana, ya share gabas, ya share yamma. Fara ta yi ta zuba sama tare da ruwan.

Na juya ƙwaryar. Tanka ce a tsaye a tsakiyar gero, a inuwarta an shimfiɗa tabarma, ga kujerarmu 'yar tsugunno da tsagin nan a ƙafarta. Yaya Nafi'u yana zaune da ɗaya rabin hannun gem ɗin. Ya yi furfura a gefen kunne, wadda ban san da ita ba.

"Ɗan Hagu," ya ce. Haka yake kirana tun muna yara. "Har yanzu gudu ka iya."

"Yaya, ka makara."

"Ni? Yaushe na taɓa makara?"

"Kullum. Duniya ma ta shaida, je ka kasuwa ka ji. Saboda kai ake zagina."

Ya yi dariya, dariyar ta fita ta gefe ta kwantar da gero.

"Ba makara nake yi ba. Kai ne mai tuƙi, kai ka san inda muka dosa. In na riga ka, sai in harbi inda ka riga ka bari. Shi ya sa nake jira in ji ka ja numfashi ka ce Yaya, sannan in saki."

Na zauna a gefen hagu na tabarmar. Wurin yana nan daidai ni, har da ɗuminsa.

"To me ya sa ba ka buga nawa ba? Kowa ya faɗi ra'ayinsa. Har ƙadangare."

"Ka ce Yaya?"

Ban ce ba kuwa. Na gaya wa kwastomomi, na gaya wa mai shayi, na saka shi inda duk duniya za ta gani. Shi ne kaɗai ban aika wa ba. So nake ya gano da kansa, ya kira ni, ya ce ya gane wurin zamansa.

Sai ga akuya ta ratso gero, ta sa adiko a wuya. Gem ɗina yana kan faranti, an barbaɗa masa yaji.

"Inuwa saura yatsun ƙafa," ta ce. "Ina mutuminka?"

"Ga shi. Yanzun nan ya buga, ki tambayi farar."

Ta gyara tabarau ta dubi Yaya. "Malam, a bari ko a cinye?"

Yaya ya buɗe baki, ya yi jim. Jim ɗin ya yi tsawo. Bai dubi akuyar ba, ni yake kallo, yatsansa a kan sanda. Na gane abin da yake jira. Na ja numfashi na kira shi, amma garin nan ne, maganata ba ta fito ba. Akuya ta sunkuya kan farantin. Na sake kira. Leɓen Yaya ya motsa, abin da ya fito daga bakinsa wata ƙara ce, gurrr, gurrr, tana ta ƙaruwa har gero ya fara rawa.

Injin markaɗen Maman Ƙubura ne, maƙwabciyarmu, an kawo waken ƙosai. Gari ya waye, ina kwance a gefen hagu na tabarmata.

Na jawo waya. Ra'ayi ɗaya ya ƙaru, tauraro biyu, daga wani da ban sani ba. Ya ce gem ɗin da kyau, a dai gyara harbin.

Na fita daga wurin na shiga neman lambar Yaya Nafi'u. Ta yi ƙasa sosai, sai da na wuce lambobin kwastomomi masu fasasshen gilashi da masu matsalar caji kafin na same ta. Na danna. Ta yi ta ringin, har na fara tunanin ko yana kan hanya. Sai aka ɗauka. Ba a ce komai ba, ina dai jin ƙugin babbar mota daga can, da numfashin mutum.

Na san wannan jim ɗin. Na ja numfashi.

"Yaya," na ce.