Hannun Lamba Sha Bakwai

Sau uku Mai Fenti yana wuce hoton nan, sau uku ƙafarsa tana komo da shi. Hotuna arba'in aka jingine a bangon zauren gasar, shi kuma an ɗauko shi alƙalanci saboda furfurarsa, amma lamba sha bakwai ta hana shi sakat.

Babu fuska a ciki. Hannayen wata mai wankau ne kawai suna matse riga, fata duk ta tsattsage. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allon. Da wane launi aka fitar da wannan tsaga? Ja ne aka kashe da shuɗi, ko ƙasa aka dama a fenti? Shekara talatin yana zana manyan mutane, aikinsa ke nan rage tumbi da ƙara hasken goshi, bai taɓa sanin ana zana wahala ta tsaya tana kallon mutum ba.

Ya juya hoton kai ƙasa, yadda maigidansa ya koya masa tun yana wanke buroshi: zanen da aka yi ha'inci a cikinsa, da ka kifa shi sai ya wargaje. Wannan ko gezau.

"Baba, ko a nan za ka tare?" Sakataren gasa ne, yana dariya, takarda a hannu. "Lamba huɗu ce ta ɗaya. Sa hannunka ya rage."

"Huɗu? Wadda aka yi wa mutum yatsu kamar ayaba?"

"Ɗan ƙanwar Shugaban ƙaramar hukuma ne ya yi. Kuma Shugaba ya ce kai za ka zana hotonsa na sabon ofis."

"Sha bakwai fa, aikin wa?"

"Oho. Wata ce ta kawo a nannaɗe cikin buhu."

Ya sa hannu. 

*

A ƙa'idar gasar, hoton da ya faɗi ba ya komawa ga mai shi. Alƙalai ke raba allunan, su shafe da fari su yi sabon aiki a kai. Sha bakwai ya ɗauka.

Kwana shida yana shago yana haɗa launi yana zubarwa. Tsagar ta ƙi fitowa. Ran na bakwai matarsa ta shigo da tsummokaran buroshinsa da ta wanke.

"Baban yara, an sake aikowa kan hoton Shugaba. Kai kuma kana nan kana dama kwaɓa kamar mai..." Ta tsaya cak. "Ikon Allah! Wa ya zana hannuna?"

"Ba naki ba ne. Launin tsagar nan nake nema."

"Launi? Sabulu ne ke shiga ya bushe a ciki, sai jini ya ɗan biyo. Ga shi nan, kalli."

Ta miƙo masa. Ya riƙe hannun, ya juya shi, ya kai shi wajen hasken taga. Shekara talatin hannun nan yana gidansa.

"Sake ni, malam, ina da aiki," ta ce tana dariya, ta fita.

Allo mai girman da Shugaba yake so guda ɗaya ne a shagon: sha bakwai. Mai Fenti ya buɗe gwangwanin fari, ya tsoma buroshi. Daga kusurwa ya fara, a hankali, yana kewaye babban yatsan, yana barinsa zuwa ƙarshe.